Ƙofar Nasara ta Paris: abin da na gani a sama da ƙasa

Duk mai shirin zuwa Arc de Triomphe, wato Ƙofar Nasara, a Paris, kada ya kuskura ya ce zai tsallaka titi. Manyan hanyoyi 12 ne suka haɗu a wannan shataletale, motoci ba sa saurara wa kowa. Akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa daga ɓangaren titin Champs-Élysées, ta nan na bi na ɓullo a gindin ginin.

Napoleon ne ya ba da umarnin gina ta a 1806, bayan nasararsa a yaƙin Austerlitz, amma bai ga ƙarshen aikin ba. Ya mutu a 1821, aka kammala a 1836 zamanin Sarki Louis-Philippe, gawar Napoleon ce ta bi ta ƙarƙashinta a 1840. Tsayin ƙofar ya kusa mita 50.

Na hau matakala 284 masu murɗewa, ina tsayawa ina mayar da numfashi. Mai ciwon gwiwa ya nemi lif. Daga sama ga hasumiyar Eiffel, ga dogayen benayen unguwar La Défense, ga titunan nan sun baje ta ko'ina. Wurin ɗaukar hoto ne na gaske, shi ya sa jama'a suke yin dandazo.

Amma ni, ƙasa ta fi kama min zuciya. A jikin bango an sassaƙa sunaye 660, yawancinsu janar-janar, an ja layi ƙarƙashin waɗanda suka mutu a fagen daga. Shi kuwa wanda yake kwance a gindin ƙofar ba shi da suna: soja ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka binne a 1921, ba a san ko ɗan wane ne ba. Wutar da ke kan kabarinsa tun 1923 take ci. Ina tsaye ana hura ta, tsofaffin sojoji riƙe da tutoci, sai samarin da Faransa ta kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa wannan yaƙi suka faɗo min a rai, har da 'yan Nijar, da yawansu bisa tilas. Dubbai ba su koma gida ba. Iyayensu ma ba su ga kabari ba.

Kullum da ƙarfe 6:30 na yamma ake wannan hidima. Zuwa gindin ƙofar kyauta ne, hawa sama ake biya. Ku sayi tikiti tun da wuri ta intanet, ku hau da la'asar, ku sauko kafin shida ku samu wurin tsayawa.