Sunan da ke kan kati: abin da gwajin galahanga ya koya mini

Ranar Talata muke ganin yara a sashenmu na asibiti, kuma kafin ƙarfe takwas benci ya cika. Ina cikin shekarata ta biyu da fara aiki aka shigo da wani yaro mai shekara biyu da 'yan watanni. Uwarsa na riƙe da shi, kakarsa ta wajen uba na biye da leda cike da magunguna. Kukan nasu shi ne wanda muka saba ji: nauyin baki. Ba ya kiran kowa, in an kira shi ba ya waiwaye, an duba kunne an ce lafiya lau. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Wata maƙwabciya ma ta ce ɗan ruwa ne, amma wannan sai da kakar ta fita uwar ta faɗa mini, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na duba kati na kira sunan da ke rubuce, sau uku. Ko motsi bai yi ba, yana ta juya murfin gorar ruwa a kan siminti. Na ce wa uwar ta kira shi da kanta. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja bakin hijabinta, ba ta ce uffan ba. Na sake roƙonta, shiru. Na rubuta a takarda cewa yaro ba ya amsa suna, uwa kuma ba ta shiga harkarsa. Wata tsohuwar Sista da ta kusa ritaya ta karanta ta bayan kafaɗata, ta ja ni gefe.

"'Yar nan, ɗan fari ne fa. Ga surukarta zaune. Kuma sunan kakansa ya ci. Wa kika taɓa ji ya kira wannan suna a gidan?"

Abin da na sani ne tun ina goye, amma da na riƙe takardar gwaji sai ya ɓace mini. Uwa tana alkunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, balle a gaban uwar miji. Yaron da ya ci sunan kaka laƙabi ake sa masa, irin su Abba ko Halifa, sunan yanka kuwa sai a kati. Wato na kira yaro da sunan da bai taɓa ji ba, na kuma ɗora wa uwa laifin tarbiyyar da aka yi mata.

Mako na gaba muka ce su zo da wanda yake wuni da shi. Suka zo da yayarsa 'yar baffansa, mai shekara tara, wadda ke goyonsa tun aka yaye shi. Ta kira shi da laƙabinsa. Bai juyo ba. Ta nuna masa fanka da yatsa, bai bi yatsar da ido ba. Amma ta gaya mana abin da babu babban da ya lura: in yana son ruwa, hannunta yake kamawa ya ɗora kan randa, ba tare da ya kalle ta ba. Bayan ziyara uku likitan yara ya tabbatar yana da galahanga, lalurar da ake kira autism da Turanci, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane. Sakamakon bai sauya ba, sai dai wannan karon an same shi ta hanyar gaskiya, kuma na goge layin da na rubuta a kan uwarsa.

Daga nan na fara karanta kayan aikinmu da wani ido. Takardar tantancewa da aka fi amfani da ita, M-CHAT-R, a Amurka aka tsara ta, tambayoyi 20 ne don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Ɗaya daga ciki tana tambaya ko ƙarar yau da kullum na tayar wa yaro hankali, misalin da ta bayar kuwa injin zuƙar ƙura ne. Uwa daga ƙauye za ta ce a'a don ba ta san shi ba. Ce mata injin markaɗe ko janareta, nan take za ta ba ki labarin yadda yake toshe kunne yana ihu. Wata tambayar kan kallon ido ce, kuma na sha jin kaka ta amsa da alfahari cewa jikanta ba ya tsare babba da ido. Babban gwajin da ake kira ADOS, wanda Catherine Lord da Michael Rutter da abokan aikinsu suka fitar a 1989, aka kuma sabunta a 2012, akwai wurin da ake shirya wa 'yartsana bikin zagayowar ranar haihuwa, da kek da kyandir, a ga ko yaro zai shiga wasan. Yaron da wasansa tuwon ƙasa ne da motar kara, me zai yi da kyandir a kan kek? Ba ina cewa kayan banza ba ne, ƙwararru ne suka gina su bisa aikin shekaru. Kuma in ka sauya wasan da kanka, makin da ka samu ba za a auna shi da ma'aunin asali ba. Wannan tsaka mai wuya ce da muke ciki har yau, kuma maganinta bincike ne da za a yi a kan yaranmu, da harshenmu.

Abin da ya fi sauya mini tunani shi ne rubutun Damian Milton, masanin zamantakewa a Ingila wanda shi kansa yana da galahanga. A 2012 ya kawo hujja cewa rashin fahimtar da ke tsakanin mai galahanga da wanda ba shi da ita daga ɓangare biyu take. Tun da Leo Kanner ya bayyana yara 11 a 1943, ana ta lissafa abin da su ba su gane ba game da mu, ba a cika tambayar abin da mu ba mu gane ba game da su. Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinbara suka gwada batun, aka buga a 2020. Manya 72 aka raba rukuni-rukuni na mutum takwas, a ba na farko labari ya gaya wa na biyu, na biyu ya gaya wa na uku, har ƙarshe. Rukunin masu galahanga zalla ya riƙe labarin daidai da rukunin marasa ita, inda aka cakuɗa ne ya fi zubewa. Da aka maimaita da mutum 311, sakamakon da ya fito a 2025 bai nuna wannan zubewar a rukunin da aka cakuɗa ba. Abin da ya tsaya a duka biyun shi ne masu galahanga sun isar da saƙo kamar kowa. Waɗannan manya ne masu magana, a ƙasashen Turawa, don haka ba na ɗora sakamakon kai tsaye kan yaron da ke zaune gabana. Amma ya sa duk lokacin da gwaji ya ƙi tafiya nake fara tuhumar kaina da ɗakin: ƙarar fanka, warin magani, farar riga, mutum biyar sun zuba masa ido, ga tambaya kan tambaya ba a ba shi sararin amsawa ba.

Akwai wata yarinya 'yar shekara biyar da aka ce tana surutai marasa kai. Duk abin da aka faɗa sai ta maimaita. A ɗakin gwaji ta yi ta cewa "Za ki sha? Za ki sha?" da irin muryar babba. Mahaifinta ya ce, "Kin ji ko, likita? Haka take yi kamar rediyo." Na miƙa mata ruwan leda, ta karɓa ta shanye. Jimlar da ake faɗa mata duk lokacin da za a ba ta ruwa ita ta adana ɗungurungum, take fito da ita in ƙishi ya kama ta. Tun 1981 Barry Prizant da Judith Duchan suka nuna cewa irin wannan maimaici yakan ɗauki ma'ana: roƙo, ko amincewa, ko neman a ci gaba da hira. Mahaifin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ashe shekara biyu tana roƙonsu suna ce mata ta yi shiru. Na ga ƙwalla a idonsa, ni ma sai da na kau da kai.

A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da galahanga. A Ingila ƙa'ida ta ce a fara gwaji cikin wata uku da turo mutum, amma a 2024 masu jiran layi sun haura 200,000. Mu tamu matsalar daban ce: yawancin yaran ba sa isowa layin ma, wanda ya iso kuwa ya sha yawo, kuɗin gida ya ƙare. Ita kanta kalmar galahanga a bakin mutane tana haɗa yara masu lalurori daban-daban, shi ya sa ba na sakin ta haka kawai. Nakan ce wa iyaye ƙwaƙwalwar ɗansu tana karɓar magana da ƙara da taɓi ta wata hanya dabam, ba hauka ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Wannan na ƙarshen a gaban miji da suruka nake faɗarsa, da gangan, domin na ga auren da ya mutu a kan wannan zargi.

Abubuwan da muka gyara a sashen ƙanana ne. A saman takarda yanzu akwai layi biyu: da wane suna ake kiransa a gida, kuma wa yake wuni da shi. Muna shimfiɗa tabarma, muna cire farar riga, muna kashe fanka in ta dame shi. Muna roƙon iyaye su ɗauko bidiyon minti biyu a waya yana wasa a tsakar gida, domin yaron gida daban yake da yaron asibiti. Rahoton da a da muke bayarwa da Turanci shafi huɗu, yanzu muna haɗa shi da saƙon murya da Hausa, wanda uwa za ta kunna wa mijinta da malamin makaranta. Muna kuma aron darussa daga shirin horar da iyaye na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke koya yadda za a mai da wanka da cin abinci da wasa lokacin koyon sadarwa.

Mai koyar da magana har yanzu ba mu da shi ko ɗaya, shi ya sa yayar yaron nan na farko ita muka koya wa aiki da hotuna: kofi, tuwo, banɗaki, ƙofa, an manna su jikin kwali. Zuwansu na baya-bayan nan yana da shekara biyar, bai fara magana ba. Ya zaro hoton ƙofa ya ɗora mini a cinya, muka tsayar da gwajin muka fita waje.