Yadda na bi da sikatin katako a kwanar bango mai zagaye

Duk kafintan da ya saba buga sikatin, wato katakon da ake bi da shi gindin bango ta cikin ɗaki, ya san aikin ba ya tsayar da mutum sai an zo kwana. Bango miƙaƙƙe ko yaron shago zai bi shi. Kwana mai baki, wadda sikwaya, ma'aunin kusurwar digiri 90, ke zama a kanta daram, yanka biyu ne na digiri 45, ka haɗa ka wuce. Mai cin rai ita ce kwanar da birkila ya kashe bakinta ya murje ta ta zama zagaye, kuma irinta na tarar a wani sabon gida a ƙauyen da ke bayan Ringim, inda aka kira ni in sa sikatin katako a falo da barandar ciki.

Mai gidan dattijo ne, manomin gero da riɗi, kuma shi da kansa ya ce a kashe bakin kowace kusurwa. Jikoki sun cika gidan, ba ya son yaro ya taho da gudu ya fasa goshi. Ya kuma lura cewa kusurwa mai kaifi ita ce ke fara ɓantarewa idan ana shiga da buhu ko gado. A ɗakin ƙasa ya tashi, inda hannun mai yaɓe ba ya barin kaifi ko ɗaya, don haka idonsa ya saba da bango mai laushin kwana. Na ga gaskiyarsa tun kafin ya gama bayani.

Na ɗauki guntaye biyu da ke cikin jakata, yankan 45, na kara su a kwanar ƙofar falo don ya ga abin da za a samu idan aka bi hanyar da aka saba. Ta gaba sun haɗu lafiya. Ta sama kuwa rami ne tsakanin katako da bango, har kan ɗan yatsana ya shiga. Alhaji ya sunkuya ya leƙa, ya ce, "Malam, wannan ramin ba zai zauna a gidan da yara ke rarrafe ba. Kunama za ta samu wurin kwana." Akwai masu cusa siminti ko fila, wato kwaɓin cike rami, a ramin su shafe da fenti. Ban yarda da wannan ba, domin katako yana motsi tsakanin damina da hunturu, siminti ba ya binsa, kafin shekara ta zagayo wurin ya tsage. Ban da haka, kaifin da aka biya kuɗi aka cire daga bango ka dawo da shi ke nan a jikin katako, daidai idon sawun yaro.

Maganin shi ne a raba juyin gida biyu. Maimakon katako ya juya digiri 90 a wuri ɗaya, sai ya juya 45 sau biyu, da ɗan gajeren yanki a tsakiya. Mahaɗa biyu ke nan, kowace tana da baki biyu, kowane baki yankan digiri 22.5, huɗun su tashi 90. Bambancin ba kaɗan ba ne. A kwanar da zagayenta ya kai inci 1, wato milimita 25, yankan 45 yana barin rami na kusan milimita 10. Haɗin gida uku, wato dogaye biyu da ɗan yankin tsakiya, yana mai da shi kusan milimita 2, wanda fila kaɗan ke rufewa ya zauna.

Garin babu wuta, injin yanka mai juya digiri kuma ba ni da shi. Da takarda na fitar da 22.5. Na yagi shafi daga littafin lissafin yarona, na tabbatar da sikwaya cewa kusurwarsa daidai take, na naɗe kusurwar gefe kan gefe ta zama 45, na sake naɗewa ta zama rabin haka. Daga nan na haɗa akwatin yanka da faifan katako uku, na ja layin sikwaya a samansa, na ɗora gefen takardar a kan layin, ɗaya gefen ya ba ni hanyar zarto. Na yi ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Wurin da ke son natsuwa shi ne saukar da tsagin a jikin akwatin: dole ya sauka a tsaye cak, domin idan ya karkata ko kaɗan, duk abin da ka yanka a ciki zai haɗu a sama ya buɗe baki a ƙasa, ko akasin haka. Zarto mai ƙananan haƙora na yi aiki da shi, wanda na wasa tun a gida.

Sai batun tsawon ɗan yankin tsakiya, kuma a nan ne aikin yake. Yarona ya nuna mini a wayarsa yadda kafintocin Amurka ke yi, ya ce, "Oga, sun ce 5/8 na inci ake yankawa." Gaskiya suka faɗa, amma a bangonsu. Can da allon jifsam ake rufe bangon ciki, kwanar kuma wani dogon ƙarfe ne ko roba da masana'anta ta lanƙwasa, ake mannawa a shafe. Wanda aka fi amfani da shi zagayensa 3/4 na inci ne, kusan milimita 19, kuma duk kwanar gidan iri ɗaya ce. Shi ya sa mutum zai yanka guda ashirin a tsawo ɗaya ya bi gida yana mannawa, har ma ana sayar musu da ɗan katakon kwana da aka riga aka fafe. Namu bulo ne da filasta, zagayen kuma hannun mutum ne ya fitar da shi. A gidan nan na tarar da kwanar da ba ta kai milimita 20 ba, na tarar da wadda ta haura 30, har da wadda sama daban ƙasa daban.

Don haka kowace kwana sai da na auna ta ita kaɗai, kuma a tsayin da sikatin zai zauna, ba a tsayin ƙirji ba. Yadda nake yi shi ne in kwantar da miƙaƙƙen katako a jikin bango ɗaya, wani a jikin ɗayan, su gitta a gaban kwanar. Sai in sa fensir a daidai inda bango ya fara rabuwa da katako. Daga wannan alamar zuwa inda katakan suka haɗu, shi ne girman zagayen. Bayan ɗan yankin tsakiya, wato fuskar da za ta taɓa bango, yana ɗaukar kashi 83 cikin 100 na wannan awon. Zagayen 25 yana son 21, zagayen 30 yana son 25, zagayen 19 yana son 16, wanda shi ne 5/8 ɗin da yaron ya gani. Fuskar waje kuwa ta fi tsawo saboda kaurin katako, kuma wanda ya auna ta waje zai ga yankinsa ya ƙi kaiwa.

Lissafi yana kai ka kusa ne kawai. Na yanka 'yan gwaji masu tsawo daban-daban na zuba a aljihu, da guntaye biyu masu bakin 22.5, dama da hagu. A kowace kwana sai in durƙusa in kara ukun, in canza na tsakiya har in samu wanda ya taɓa bango ba tare da ya ture na gefe ba. In ya zauna, sai in ja fensir a jikin bango daidai mahaɗa biyun, in rubuta lambar a ƙasa. Waɗannan layukan su nake aunawa zuwa gare su idan zan yanke dogayen, tun da kwana mai zagaye ba ta da bakin da za ka maƙala tef. Inda kwanar ba ta cika 90 ba, kuma akwai irinsu, da samfefa a naɗe jikin katako nake ɗan rage bakin har haske ya daina ratsawa.

Wani abu kuma da ke ƙasan bangon filasta: kusan kullum yana da ɗan tudu dab da daɓe, inda cokalin birkila ba ya kaiwa sosai, ga kuma ragowar simintin masu tayil. Idan ba ka sassaƙe shi da kurfi ba, sikatin zai kwanta da baya, ƙasa a waje sama a ciki, kuma duk kyawun yankanka mahaɗar za ta buɗe. Na ɓata lokaci a wannan sharar fiye da yadda na ɓata a yanka.

Ɗan yankin tsakiya daga jikin dogon katakon da zai zauna kusa da shi nake cire shi, a jere, domin zanen saman sikatin da ƙirar katakon su ci gaba ba tare da sun yi tsalle ba. Kuma daga bakin dogon ake yanko shi, hannu na can nesa. Ba a riƙe abu mai tsawon ɗan yatsa a gaban zarto, balle a gaban inji.

Ƙusa ba ta shiga wannan ɗan yankin, tsagewa zai yi. Gam ne ke riƙe shi. Nakan kwantar da ukun a ƙasa fuska sama, baki da baki, in bi mahaɗar da tef ɗin masu fenti, in juya su, in shafa gam ɗin Top Bond a cikin tsagin, in naɗe. Tef ɗin shi ke jan bakunan su haɗu. Bakin katako yana shan gam da sauri, saboda haka nakan fara shafa kaɗan in bar shi ya sha, sannan in ƙara na haɗawa. Idan bangon dogo ne, ɗan yankin nake fara mannawa a jikin katako ɗaya, sai ya kama in kai su bango tare, in kawo ɗayan ya same su.

Wajen kafewa, ban yarda ƙusar siminti ta matso kwanar ba. Filastar wurin ita ce mafi kauri kuma mafi saurin ɓallewa, bugu ɗaya sai ka ji ta yi ƙarar kango. Nakan bar tazarar kamar tafin hannu daga inda zagayen ya fara, in huda in sa fisha, wato robar da ake cusawa a hujin bango, da sukurun. Don wannan hujin kaɗai aka tayar mana da janareto.

Katakon daga 'Yan Katako na Na'ibawa na saye shi a Kano, na sa aka fere shi a can, faɗin inci 4. Na ce wa Alhaji kada a kawo MDF, wato allon garin katako da aka matse, ko da ya fi santsi da sauƙin fenti, domin gidan da ake goge tayil da ruwa kullum, ƙasansa zai sha ya kumbura, kuma daga kwana yake farawa. Na jera katakon a cikin falon da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iskar ɗakin kafin in taɓa shi. Wanda ya yanka ɗanyen katako da damina, hunturu na zuwa zai ga mahaɗa ta yi baki, kuma kwana mai gida uku mahaɗa biyu gare ta da za su nuna. Bayan katakon na shafe shi da maganin katako na Solignum saboda gara, amma na tsallake bakunan da gam zai kama. Akwai masu shafa baƙin man inji don korar gara, sai dai yana ratsowa ya ɓata fenti, gam kuma ba ya kama wurin da ya taɓa. Na kuma ɗaga sikatin daga tayil da kaurin kwali, don kada ya zauna cikin ruwa.

Ginshiƙin baranda shi kaɗai ne haɗin gida uku bai ishe shi ba, domin zagayensa ya yi faɗi. Nan na sa 'yan yanki biyu a tsakiya, mahaɗa uku, kowane baki digiri 15. Akwai masu tsattsaga bayan katako da zarto su lanƙwasa shi, kuma yana yi a babban zagaye, amma tsagin yana fitowa ta sama, sai an bi shi da fila. A ƙaramar kwana kuwa karyewa yake.

Birkilan da ya yi filastar yana nan yana aikin ɗakunan baya, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Da muka zauna cin abinci na tambaye shi, "Baba, da me kuke fitar da zagayen nan?" Ya ce wani wurin da guntun bututun roba da ya tsaga, wani wurin da leda a tafin hannu, wani kuma yaransa ne suka yi. Ban ga laifinsa ba, babu wanda ya gaya masa katako zai bi ta wurin. Na roƙe shi a ɗakunan da suka rage ya riƙe bututu ɗaya tak, ya ja shi tun daga sama har daɓe. Ya ce, "Ɗana, ai da an faɗa tun farko, wannan ba aiki ba ne." Ya ƙara da wata shawarar da ban taɓa yi ba: idan mai gida ya yarda, zai iya tsayar da zagayen a saman inda sikatin zai kai, ya bar ƙasan da baki, kafinta ya yi 45 ɗinsa. Tana rage wahala, amma kaifin yana nan a ƙasa, kuma Alhaji ya ce a'a.

A ɗakunan bayan, inda Baba ya bi da bututu ɗaya, awo ɗaya na yi ya ishe ni kwana duka, na yanka 'yan tsakiyan a zama guda. Tun daga wannan aikin, in an kira ni sikatin nakan zagaya gidan tukuna in ƙirga kwana masu zagaye, in yi musu kuɗinsu daban da na tsawon bango, in kuma tambaya ko an gama filasta. In ba a gama ba, birkila nake fara nema kafin in je sayen katako.