Kalmar da Ba Wanda Ya Koya Mata

Laraba da dare.

Yau da hantsi ƙanwata ta bar mini 'yarta mai shekara uku, muka zauna muna duba wani littafin hotunan dabbobi. Da muka kai shafin da aka zana shanu, sai ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Kawu, ga saniyoyi." Na ce mata shanu ake cewa, ta amsa da "to", sannan ta sake nunawa ta maimaita abin da ta faɗa da farko. Tun daga lokacin kalmar nan ta tsaya mini a rai.

Babu wani babba da ya taɓa furta wannan kalma a gabanta, saboda haka ba kwaikwayo ta yi ba. Ta ji hanya da hanyoyi, ta ji mota da motoci da taga da tagogi, ƙwaƙwalwarta ta tsamo ƙa'ida daga cikinsu ba tare da ita kanta ta sani ba, sannan ta ɗora ƙa'idar a kan kalmar da ba ta bin wannan tsari. A ganina wannan kuskure ya fi nuna zurfin hankali a kan a ce ta faɗi daidai don kawai ta haddace.

Da mahaifiyarta ta dawo na ba ta labari, ta ce, "Yaya, kullum sai na gyara mata, amma ba ta ji." Na ce ta kwantar da hankalinta, ta riƙa faɗin kalmar daidai a cikin hira kawai, domin yaro yana sakin irin wannan kuskure da kansa idan ya ji daidai ɗin sau da yawa.

Da yamma na koma kan abin da masana suka yi a wannan fage. A 1957 B. F. Skinner ya bayyana koyon magana a matsayin ɗabi'ar da ake ƙarfafawa da yabo da sakamako, a 1959 kuma Noam Chomsky ya soki wannan ra'ayi, yana mai cewa yaro yana ƙirƙirar jimlolin da bai taɓa ji ba, don haka dole akwai shiri na musamman da aka haife shi da shi. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1958, Jean Berko ta nuna wa yara zanen wata halitta da ta ƙirƙira ta sa mata suna "wug", ta ƙara guda ta tambaye su sunan biyun, yaran suka ba da jam'i daidai da ƙa'idar Turanci alhali sunan bai taɓa shiga kunnensu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aikin yake farawa tun kafin kalmar farko, wadda galibi takan zo wajen shekara ɗaya. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariran da ke tasowa cikin Turanci suna bambanta wasu sautukan harshen Hindi suna da wata shida zuwa takwas, amma kafin su cika shekara yawancinsu sun daina, saboda kunnensu ya karkata ga harshen da suke ji kullum. A 1996 kuma Jenny Saffran da abokan aikinta suka sa jarirai 'yan wata takwas sauraren gaɓoɓin da aka jera ba tsayawa na minti biyu kacal, jariran suka gane waɗanne gaɓoɓi ne suke tafiya tare kamar kalma ɗaya. Wato jariri yana kwance shiru, amma ƙwaƙwalwarsa tana ta lissafin abin da ke bin wani abu.

Ni dai na yarda akwai baiwar da aka haifi ɗan Adam da ita, amma ban yarda tana aiki ita kaɗai ba. A 2003 Patricia Kuhl ta sa aka riƙa yi wa jariran Amurka 'yan wata tara magana da Sinancin Mandarin a zama goma sha biyu. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu yana wasa da su sun riƙe bambancin sautukan harshen, waɗanda kuwa aka nuna musu magana iri ɗaya a bidiyo ba su amfana da komai ba. Wannan sakamako yana damuna ƙwarai idan na tuna yadda ake miƙa wa ƙananan yara waya don su yi shiru, domin allon ba ya bin idon yaro ya ga inda yake kallo, ba ya kuma dakatawa ya jira amsarsa.