Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Baƙo Raɓa Ne

A makon jiya na tsaya a inda Fada ya kira ni bayan an tashi daga coci, ya ce ana neman malamin Turanci a makarantar mishan ta Damagaram, aikin sa kai ne, ba albashi sai ɗan kuɗin sabulu. Daga nan zan ɗora, amma bari in fara da maganar Kawu, don har yau takan tashe ni cikin dare.

Ranar da na faɗa a gida Inna ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da surfenta. Kawu ne ya jingine fartanya ya dube ni ya ce, "Kai yaro, baƙo raɓa ne. Za ka je ka jiƙa gonar wasu, rana ta fito ka bushe, ba mai tunawa da kai." A gaban ƙannena ya faɗa, a gaban matar Yaya da ko wata biyu ba ta yi da tarewa ba. Shi da bai sa ko kwabo a karatuna na Zariya ba. Inna ce ta sayar da tumakinta biyu da buhun dawa har na karɓo takardar koyarwa. Na haɗiye, domin marigayi Baba ya hore mu kada mu mayar wa babba magana.

Farkon Oktoba 2011 na tashi, don a Nijar a watan ne ake buɗe makarantu. Daga Malumfashi zuwa Katsina, sai Daura, muka tsallaka ta Kongolam, muka bi ta Matamai, magariba ta yi mana a Damagaram. Na ɗauka tunda Hausa ake yi ba zan ji baƙunta ba. Mai shayin farko da na zauna wurinsa ya ce dala ashirin, na tsaya ina kallonsa, sai da wani dattijo ya fahimtar da ni cewa dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Jika talatin ake ba ni a wata, a ciki nake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kuma duk wanda ya zauna garin ya san ruwa ba abin wasa ba ne, balle in an shiga Afrilu.

Ajin farko na kwaleji aka ba ni, wanda suke kira siziyem, don a nan yaransu ke fara Turanci bayan shekara shida suna karatu da Faransanci. Ina shiga suka miƙe gaba ɗaya suka ce, "Mushe!" Gabana ya faɗi, kun san abin da kalmar ke nufi a wajenmu. Ashe haka ake kiran malami namiji, daga Faransanci aka aro. Kafin hunturu ya wuce ba sunan da nake jin daɗinsa kamar wannan. Faransancina bai taka kara ya karya ba a lokacin, sai muka yi ciniki da yaran: in ba su kalma biyar ta Turanci, su ba ni biyar tasu. A bakinsu na koyi lakkwal da kaye, wato makaranta da littafin rubutu.

Kusan duk ajin Musulmi ne, kuma shugabar makaranta ta ja min kunne tun ranar farko cewa aji na karatu ne, ba na wa'azi ba. Na riƙe wannan da gaske. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga unguwar Birni ya zo har bakin aji ya ce, "Malam, an ce kai ɗan Najeriya ne kuma kana aikin coci. 'Yata fa?" Na ce, "Alhaji, Turanci ka kawo ta ta koya, shi za ta kai maka gida." Ya daɗe yana kallona. Da babbar Sallah sai ga yarinyar da cinyar rago a kwano. Kawu, raɓa ake kai wa cinyar rago?

Aikin coci kuwa sai Asabar da Lahadi. Da Faransanci ake yin sujada, mutanen da yawansu 'yan Benin ne da Togo da Burkina Faso, sai 'yan kasuwarmu na Najeriya. Akwai tsofaffi da ba sa jin ko kalma ɗaya, sai Fada ya sa nake karanta Bishara da Hausa bayan shi. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce rabonta da jin karatun ya shiga kunnenta kai tsaye tun tana budurwa. Ranar Asabar nakan tara yara goma sha huɗu a ƙarƙashin darbejiya muna katikizim, wato koyon addini, daga addu'ar Ubanmu zuwa ta A gaishe ki Maryamu, da yamma in bi Sistoci gaida marasa lafiya. Bishof ɗinmu na lokacin, Ambroise Ouédraogo, a Maradi yake zaune, ƙasarsa kuma ta kai har Agadas da Diffa, saboda haka ganinsa sai an yi sa'a.

Shekara ta biyu ba ni da abin faɗa sosai a kanta, zazzaɓi ya kwantar da ni sau biyu, shi ke nan. Da na dawo a 2013 Kawu ya leƙa jakata ya ga ƙamus da ƙunshin kilishi, ya ce, "Iyakarta ke nan?"

Ba yau na so in taɓo wannan ba, amma ya ƙi barina. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙona coci-coci a Damagaram saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, washegari abin ya kai Yamai. Wurin da nake tara yarana ma wuta ta ci. Mutanenmu da yawa a barikin soja suka fake. Kwana biyu ina kiran lambobi ba sa shiga. A rana ta uku wayata ta yi ƙara, na ɗauka, na ji an ce, "Mushe, kana lafiya?" 'Yar Alhajin nan ce. Ta ce tsohuwar da take kama hannuna tana gidansu ita da jikokinta, babanta ne ya je ya ɗauko su ya kulle ƙofa. Da Turanci ta faɗi rabin maganar, tana kuka.

Kawu yana zaune a zaure lokacin, taku biyar tsakanina da shi, yana gyaran igiya. Na so in miƙa masa wayar ya ji da kunnensa. Ban miƙa ba, na zagaya bayan rumbu na ƙarasa maganar. Damina biyu bayan nan ya rasu, ban taɓa ba shi labarin ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan yadda aka yi maganar aurena ta farko ta watse ina can.