Notin roba da ya ba ni kunya a Challawa

Har yau in na ga farin notin roba a shago sai raina ya sosu.

Wata masana'antar jima ce a Challawa, nan Kano, ta kira ni. Suna da tankin roba da suke sirka asid ɗin salfurik da ruwa kafin a zuba wa fatu tare da gishiri. Notinan ƙarfen da ke riƙe da bawul ɗin gindin tankin kullum tsatsa na cinye su. Na dubi manaja da gadara na ce, "Ranka ya daɗe, a sa na roba kawai kowa ya huta."

Na shiga kasuwa na ce a ba ni notin roba guda 8. Aka miƙo mini farare tas, na biya na kama gabana. Ban tambayi wace irin roba ce ba. A tunanina roba ai roba ce.

Ashe nailan ne. Shi nailan yana jure mai da giris da fetur, amma asid mai ƙarfi ratsa shi yake yi ya ruɓar da shi. Ga shi salfurik in ya haɗu da ruwa zafi yake ɗauka, zafin kuma ƙara wa ɓarnar sauri yake. Ba a yi wata biyu ba aka buga mini waya da asuba. Na tarar asid ya malale ya ci siminti, wani yaro ma ya taka, Allah ya taimaka da takalmin ruwa a ƙafarsa. Na sa filaya na kama kan noti ɗaya, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Manaja bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ga hutun da ka ce." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Wani dattijo da ya daɗe a wurin ne ya ce in kawo bokitin ruwa. Ya jefa guntun notina ya nutse. Ya jefa wani na robar PP, irin wadda ta dace da sirkakken asid, ya taso sama. Nauyin PP kusan 0.9 ne na ruwa, nailan kuwa 1.14. Ya kuma ƙona ɗan gefen kowanne: nailan ƙaurin gashi yake yi kamar ana babbakar kai, PP kuwa warin kyandir. Bokiti ɗaya fa! Da na san haka tun a shago.

Akwai kuma notin wata roba da ake kira PVDF, ya fi su juriyar asid da kulorin, sai dai tsada, kuma soda mai ƙarfi tana fasa shi. Shi kam kada ka kuskura ka ƙona, hayaƙinsa guba ne.

PP ɗin na sa, da washa mai faɗi. Nan ma sai da na karya biyu, don hannuna ya saba da ƙarfe. A hankali ake ɗaure shi da ƙaramar sufana, bayan kwana biyu a dawo a ƙara, saboda roba saki take yi. Na kuma sa aka yi wa wurin rumfa, rana tana busar da PP ya riƙa tsagewa.

Kuɗin simintin da aka sake zubawa a cikin kuɗin aikina aka cire. Ban ce uffan ba.