"Ai ban sa hannu ba"

A aikina na lauya, babu maganar da na fi ji daga bakin wanda aka yi wa aiki ya ƙi biya kamar wannan. Mai fenti ya gama gida, dillali ya haɗa ciniki, ranar biya sai mai gida ya noƙe, wai takardar da aka turo masa bai sa mata hannu ba.

A dokar Najeriya wannan ba mafita ba ce. Yarjejeniyar aiki tana ƙulluwa da baki, tana kuma ƙulluwa da abin da mutum ya aikata. Ka karɓi takardar farashi, ka yi shiru, ka buɗe wa magini ƙofa, ka ba shi kafin alƙalami, kana zuwa duba aiki kullum da yamma: a idon alƙali ka yarda. Ko ba a yanke farashi ba, kotu na iya ƙiyasta ladan da ya dace da aikin. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, shi ne ujratul misli, ladan da aka saba biya a kan irin aikin.

Inda ma'aikaci yake faɗuwa shi ne hujja, tunda shi ke da'awa. Alat na banki da saƙon WhatsApp mai cewa "to, ka fara gobe" sun fi shaidu uku da suka manta ranar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar irin waɗannan, muddin an cika sharuɗɗansa. Saƙon murya ma kada ka goge, ko wayar ta cika.

Akwai inda baki bai isa ba: cinikin fili ko gida, da tsaya wa wani a kan bashi, ana neman rubutu da sa hannun wanda za a ɗora wa alhakin.

Abin da ke ba ni dariya, mu lauyoyi aka fi ɗaurewa. Sashe na 16 na dokar aikin lauya ya hana ni kai ƙarar wanda ya ƙi biyana sai na miƙa masa takardar kuɗin aiki mai bayani dalla-dalla, da sa hannuna, sannan na jira wata guda cur. Lauyan da ya tsallake wannan, ko ya ci wa mutum shari'ar miliyoyi, kotu korar ƙararsa za ta yi. Mai fenti kuwa washegari ma yana iya shigar da tasa.