Kano zuwa Akra da waya kaɗai, laftof na kwance a gida

Ina cikin haɗa kaya da daddare uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, ka manta kwamfutarka a kan tebur." Na ce ban manta ba, barin ta zan yi. Ta tsaya tana kallona kamar na ce zan fita ba hula ba takalmi, kuma da gaskiyarta, don shekara wajen shida ke nan ko Wudil za ni sai na goya jakar nan kamar jariri. Aikin fassara nake yi da ɗan haɗa rahotanni, to kullum gani nake idan na yi nisa da laftof arziki zai zo ya tarar ba na nan.

Bikin ɗan goggona za ni a Nima, cikin Akra, kuma ta mota, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina. Batirin laftof ɗin dama ya daɗe da mutuwa, sai an jona take numfashi, ga nauyi, ga caja mai kama da bulo, sannan wani abokina da ya saba bin hanyar Badagiri ya ce min kai dai in kana son zaman lafiya kar ka nuna wa masu shingen hanyar nan kwamfuta, duk saurayin da suka gani da ita ɗan yahu ne a wajensu sai ya wanke kansa. Shi ke nan na yanke. Na tura fayilolin aiki cikin Google Drive na sa su buɗe ko ba intanet, na sauke taswirar Legas da Kwatano da Lome da Akra a Google Maps tun ina kan wayifai ɗin ofis, na ɗau hoton fasfo da katin rigakafin shawara, na cika fawa bank, na jefa igiyar caji biyu a aljihun jaka. Na ji kamar na gama wayo.

A Sabon Gari na hau lagzuriyas ta dare. Akwai soket a gefen kujera amma ado ne kawai, ba wuta, kafin mu kai Kaduna fawa bank ɗina ya zama rijiyar unguwa, wannan ya ce ɗan'uwa minti biyar, wata Hajiya a bayana ta miƙo tata ƙaramar waya ta ce ɗana taimaka jikokina za su kira, ya za ka yi? Amma dai a daren nan na fassara shafi kusan uku da babban yatsa, mota na rawa ina rubutu, kuma a nan na gano wani abin da ya ba ni haushin kaina. A Gboard in ka saka Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna nan a kusa da hannunka, ni kuwa shekara da shekaru a laftof sai na buɗe wani tsohon fayil na kwafo su ɗaya bayan ɗaya. Wato a rubutun Hausa zalla wayar ta fi ta sauƙi, illa dai yatsa da yake yin tsami. Wajen Lokoja barci ya kwashe ni.

Legas ban ga komai ba, na kwana Agege wajen wani abokin makaranta, da sassafe na nufi Mayil Tu na shiga ƙaramar mota zuwa Seme, bodarmu da Binin. Shingaye kam ban ƙirga ba, na dai gaji da jin "me ke cikin jakar?" Wani yaro da ke gaba yana da laftof, sau biyu ana sauke shi ya kunna ta a bakin titi mu kuma muna zaune muna gumi muna jiran sa, ina ta yi wa abokina addu'a a zuci. Sai a wani shingen aka ce kowa ya kawo wayarsa. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Ba wani abin ɓoyo nake da shi ba, amma da can in an karɓi waya ina da laftof, in an riƙe laftof ina da waya, yau kuwa ofishina da bankina da taswirata da lambar goggo duk suna tafin hannun wani bawan Allah da ban san shi ba. Ya ɗan latsa, ya ga rubutun Hausa ya cika fuskar, ya miƙo min ya ce aboki tafi.

Muna tsallaka boda layina ya koma na yawo, saƙo ya shigo da farashin data a ƙasar waje, ina karantawa na kashe data da sauri kamar na taɓa garwashi. Taswirar da na sauke ta yi min rana a Kwatano, don ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake ba ruwansa da data, da tauraron ɗan'adam yake magana. Na hau ɗan acaɓarsu, zemijan suke ce musu, masu rigar ruwan ɗorawa, ba ya jin Turanci ni ba na jin Faransanci, na ce masa Zongo kawai, ina riƙe da waya a bayansa ina kallon ɗigo yana tafiya don in tabbatar ba zagaye yake yi da ni ba. Da na sauka a Zongo kuwa sai ka ce Fagge, Hausa ta ko'ina, ga masu tsire ga 'yan canji.

A masauki aka fara yi min karatu. Na ciro caja zan jona, na ga ramuka biyu zagayayyu a bango, tawa kuwa mai ƙafa uku ce irin ta gida. Ashe Binin da Togo soket ɗin Faransa suke amfani da shi, mu da Gana muka gaji na Ingila. Duk lissafin da na yi a Kano wannan bai zo min a rai ba ko sau ɗaya. Na fita da magariba ina neman adafta, na samu wajen wani mutumin Nijar mai tebur, ya ce malam wannan mai kyau ce ba ta da matsala, na biya da sefa ina murna.

Ina jona wayifai ɗin masaukin saƙonnin WhatsApp suka zubo kamar ruwan Agusta, a ciki har da na oga. Wai jadawalin kasafin kuɗin da na tura satin jiya akwai gyara, a canza alƙaluman wata uku, a daidaita da wani rahoton daban, kuma yana so kafin takwas na safe. Na rubuta "to ranka ya daɗe" na aika, sannan na zauna a bakin gado na yi tagumi.

Jama'a, duk wanda ya ce muku waya tana yin duk abin da kwamfuta ke yi, ku ba shi jadawalin Excel mai layi goma sha huɗu a tsaye ya gyara muku. Fayil ɗin yana buɗewa, wannan gaskiya ne, amma gida huɗu kawai kake gani a lokaci guda, in ka matsa dama ka manta sunan layin da kake kai, in ka zuƙo don ka ga lamba sai sauran su ɓace, in ka kwantar da wayar sai kibod ya cinye rabin fuskar ya bar maka ɗan tsagi kamar kana leƙen tsakar gida ta ramin makulli. Sau biyu yatsana ya zame na goge lissafin da ke haɗa jimla ban sani ba, sai can ƙasa na ga sifili ya fito min, na koma ina lalube. Babbar wahalar ma ita ce kallon fayil biyu tare, abin da a laftof ko tunaninsa ba na yi. Na gwada raba fuskar wayar gida biyu, kowanne ya koma kamar kan sarki. Ƙarshe dai na sauka wajen mai karɓar baƙi na roƙi biro da takarda, na kwafe alƙaluman rahoton da hannu kamar ɗan firamare, na dawo ina shigar da su ɗaya ɗaya. Aikin da ba zai wuce min minti arba'in ba a gida, na fara bayan isha'i ban gama ba sai wajen ɗaya da rabi na dare, wuya ya ƙage ido na ruwa. Oga ya turo babban yatsa da safe, ko sannu babu.

Kuma duk daren nan fawa bank na jone a adaftar mutumin Nijar, da asuba na duba, ɗigo ɗaya ne ke ƙiftawa. Ta yi sako-sako a bango, da na juya ta saki. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Daga Kwatano muka bi gaɓar teku ta Wida da Giran Popo zuwa bodar Hilakonji. Togo ta nan siririya ce, faɗinta a bakin ruwa bai kai kilomita 60 ba, kafin ka gyara zama kun shiga Lome, kuma ƙarshen birnin shi ne bodar Gana. A hanya na duba waya na ga sha biyu, agogon hannuna na cewa ɗaya, na ce shi ke nan ita ma ta fara taɓuwa, sai direba ya yi dariya ya ce Togo da Gana suna bayan Najeriya da awa guda, wayar ce ta gyara kanta.

Aflawo, garin bodar ta ɓangaren Gana, shi ne inda na fi shan wuya. Sefar hannuna ta ƙare, ina buƙatar sidi na kuɗin mota, na samu wani ɗan canji Bahaushe ya ce in tura masa naira a asusunsa na Najeriya ya ba ni sidi a hannu, har ya kunna min hotspot ɗinsa. Na shiga manhajar banki lafiya lau, aka ce an turo min lambar sirri ta tes, tes kuwa ya ƙi zuwa. Na sake nema, shiru. Batir na kan tara, ya koma bakwai, ya koma biyar ina kallo. Alhajin ya ce ɗan'uwa je ka sa caji can ka dawo, ba inda za ni. Wata 'yar rumfa ce da soket sun fi talatin a jikin katako, wani yaro da bai wuce sha biyar ba ya karɓi wayata ya miƙo min guntun roba mai lamba. Na kalli robar nan na kalli yaron. Komai nawa na duniya a ƙasar mutane na ba shi, ya ba ni marfin jarka. Wallahi ko taku ɗaya ban yi daga gaban rumfar ba, minti arba'in ina tsaye a rana kamar mai gadi, yaron har ya gaji ya ba ni benci. Da na kunna, tes huɗu suka shigo a jere, duk sun riga sun lalace, na biyar ne ya yi aiki.

Sauran hanyar lafiya, muka haye kogin Bolta a Sogakofe, muka wuce Tema, muka shiga Akra da la'asar. Cajata mai ƙafa uku ta koma gida ta shige bango ba gardama.

Goggo na ganina ta rungume ni tana kuka tana dariya, Hausarta ta koma irin ta zango, mace ma "ya zo" ake ce mata, sai da kunnena ya ɗan saba. Ina ba ta labarin wahalar caji ta ce, "Kai ɗan nan, kakanninku da jakuna suke tasowa daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya kafin su ga Salaga, kai kwana uku ka zo kana min kukan batir." Na yi shiru na ci wakyena, shinkafa da wake ce dai tamu aka dafa da karan dafi ta yi ja, aka tula mata shito, wato miyar barkononsu, da taliya da ƙwai. Da safe kuma koko da ƙosai, har sunan Hausa koko suke kiran sa.

Angon ya ba ni wani layinsa na Gana da ba ya amfani da shi, na saka a rami na biyu na bar nawa na gida saboda saƙon banki, WhatsApp kuwa bai ko motsa ba, yana nan a kan lambata ta Kano. Can kowa MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, mai kayan miya ma sai ta nuna maka lamba a jikin kwali. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin Turkawa ne da ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi, na ɗauki hoto har na ji kunya.

Hoton ne ma ya jawo min wata. Da yake wayata ta fi ta 'yan gidan kyamara, sai aka naɗa ni mai ɗaukar biki ba tare da an tambaye ni ba, Yaya ɗauke mu, Kawu yi mana bidiyo, ana tsakiyar kamu wayar ta ce ba sauran wuri. Da laftof na nan da na juye na ci gaba. Haka na koma bayan kanofi ina goge-goge, taswirar Legas ta tafi, wasu karatuttuka da na tara shekara biyu suka tafi, bidiyon gurup ɗin 'yan ajinmu kuwa dama neman dalili nake.

Akwai wata takardar yarjejeniya da aka ce lallai in sa hannu da biro in mayar, ita kam ba ta ba ni wuya ba, na tura wa yaron wani shagon buga takardu a Mamobi ta WhatsApp ya fitar min, na sa hannu, na ɗauke ta da sikana ta cikin Drive ta koma PDF, minti goma an gama.

Ana gobe zan taso angon ya raka ni Sakul, wajen kasuwar waya, na sayi wani ɗan kibod mai naɗewa da ke haɗuwa da waya ta bulutut, da adafta ta kirki mai kai kala-kala wadda na sa mai shagon ya gwada a gabana sau biyu. A hanyar dawowa oga bai turo komai ba, don haka kibod ɗin ko daga leda ban cire shi ba. Na iso Kano kafaɗata lafiya ƙalau a karon farko, babban yatsan dama kuwa sai da uwargida ta shafa min man zafi kwana biyu. Da na buɗe laftof ɗin ta ce in jira tana sabunta kanta, ta kai kashi talatin aka ɗauke wuta.